Ranar da Na Duƙa Tsintar Alkama

Ku matso kusa, ƙannena da ɗiyana da kuka shigo aikin kula da tsofaffi bana, ku kife salula ku ba ni kunne. In mun haɗu a tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, kuna yawan tambayata abin da ya fi ba ni wuya a aikin nan, ni kuma in ce wankan safe ne, ko ɗaga mutum daga gado. Rabin gaskiya nake ba ku. Akwai wata Lahadi ta watan Agusta da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni makwanci. Ita zan ba ku yau tun daga tushe.

Kun dai san ni, Rakiya matar Malam Isuhu. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, a garinmu, can gabas da Maradi, aka cire ni. Da na biyo maigida Faransa, shekara uku muka yi a Sevran ina sharar buro-buro, wato ofisoshi, a Paris. Da ya samu aiki a wani laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, a Lyon muka dawo Vénissieux, na samu shiga wani gidan tsofaffi. Ni ba mai yawo ba ce. Gida, aiki, kasuwar Minguettes, shi ke nan Faransata. Abin da zan ba ku ya faru a shekarata ta biyu a gidan, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai.

Bari in fayyace muku tsarin gidan, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane labarin ba. A sama akwai direktiris, ba mu cika ganinta ba. Ƙarƙashinta akwai shef ɗinmu, Madam Odile, babbar infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, ita ke raba aiki, ita ke karanta duk takardar da muka cika. Daga ita sai infirmiyoyi, sai mataimaka masu diploma, sai mu marasa diploma a can ƙasa, masu wanka da ciyarwa da gyaran ɗaki. A lokacin kwantaragina na wucin gadi ne, zai ƙare ƙarshen Satumba, kuma an yi mini alkawarin na dindindin in komai ya tafi daidai.

Gidan bene uku ne. Tsofaffin da ke iya tafiya da ƙafarsu suna ƙasa, ƙofarsu a buɗe take zuwa lambu. Bene na uku kuwa rufe yake, sai an latsa lambar sirri ƙofa ke buɗewa, tagoginsa ba sa buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. Can ake kai waɗanda mantuwa ta ci ƙarfinsu har suna fita su ɓace. Ba mugun wuri ba ne, ana kula da su, amma wanda ya hau ba ya saukowa. Ƙa'idar gidan ita ce, duk tsohon da ya fita ba da sanin kowa ba, a cika takarda. In takardunsa suka kai uku, a zauna da likita a kai shi sama.

A ƙasa, ɗaki na ƙarshe kusa da ƙofar lambu, akwai Baba Fernand. Dokar aiki ta ce a kira su Monsieur, amma ni bakina ya ƙi, tsoho mai shekara tamanin da bakwai ai Baba ne, shi kuma bai taɓa hana ni ba. Manomi ne tun tasowarsa, a kan tuddan da ke yamma da Lyon. Matarsa ta rasu, aka sayar da gonar, ɗiyarsa ta kawo shi. Dogo ne, hannuwansa kamar faranti. Ba ya magana sai "i" da "a'a", wani lokaci ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da mutuwa, ni kuma in amsa. Rayuwarsa duka ita ce benci ɗaya a lambu. Da an gama karin kumallo ya fita, ba ya shigowa sai yunwa ko ruwan sama. Kuma takardunsa biyu ne. Ta farko an tsince shi a tashar tiram. Ta biyu an same shi a tsakiyar shataletale yana cire ciyawa daga cikin furannin hukuma.

Sai aka manna sanarwa cewa za a kai tsofaffi goma sha biyu bikin girbi irin na dā a wani ƙauye, tafiyar awa guda a mota. Kowace shekara mutanen ƙauyen suna fito da kayan aikin kakanninsu, su sa tufafin dā, su nuna yadda ake noma kafin zuwan tarakta. Na duba jerin sunaye, babu Baba Fernand. Duk gidan nan shi kaɗai ne ya taɓa riƙe garma. Na je na samu Madam Odile.

Ta ce, "Rakiya, takardunsa biyu. Wuri ne mai taro, akwai tafki, akwai hanya. In ya ɓace mini can fa?"

Na ce, "Madam, ki ba ni shi. Shi kaɗai. Kada ki haɗa ni da kowa."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, "Bon. Shi kaɗai ne aikinki ranar. Ko banɗaki za ki, ki damƙa shi hannun wani." Ta rubuta sunansa, ta rubuta nawa a gefe.

Cikin ma'aikata huɗu da suka je akwai Saratu, 'yar Jos, Kirista, mai diploma, ƙanwa na ɗauke ta. Mu biyu ne masu jin Hausa a gidan. Muna shiga mota ta fara tsiyarta. Ta ce, "Yaya Rakiya, yau an fitar da ke daga Vénissieux. In sanar da Malam ya yi sadaka?" Na ce, "Ke dai ki riƙe tsofaffinki, 'yar birni. Yau za ki ga abin da ake kira aiki." Ta ce ita ko dankali ba ta taɓa haƙa ba, kuma ba ta da niyya.

Mun isa da hantsi. Wallahi da na sauka sai ƙamshin kara da kashin shanu ya buge ni, ƙamshin da na yi shekara biyar ban ji ba. Ga shanu biyu farare, manya kamar ɗaki, suna jan garma. Ga tsofaffin mata da takalman katako suna kaɗi da mazari, sak irin na kakata, sai dai su gashin tumaki suke kaɗawa, ita auduga. Ga maƙeri, ga masu saƙar kwando, ga tanda ana fitar da burodi mai faɗin faifai. A tsakiya ga wata tsohuwar na'ura baƙa mai cin itace, tana hayaƙi tana juya doguwar igiyar fata, ana ɗura mata damin alkama ta baki tana zubo tsaba ta gindi. Wani mutum da lasifika yana ta bayani, yana kiran jama'a daga wannan wuri zuwa wancan.

Na riƙe hannun Baba muna zagayawa a hankali. Ina lura da shi. Tafiyarsa ta canza, ya daina jan ƙafa. Da muka zo wurin shanun ya tsaya, ya kalli layin da garma ta bari, ya girgiza kai. Na ce, "Baba, ya karkace ko?" Ya ce, "I." Ni ma na ga ya karkace.

Bayan abincin rana aka kira mutane wurin bugun alkama da hannu. An share fili, an baza damunan alkama, maza huɗu suka tsaya da sanduna masu gaɓa biyu, suna bugu ɗaya bayan ɗaya, kamar mata huɗu a turmi guda. Sun iya, ba laifi. Suka kwashe kara, wata mata ta zo da kwando mai faɗi ta yi shiƙa kaɗan, aka tafa. Sai mai lasifika ya ce kowa ya garzaya, za a fara gasar tsofaffin taraktoci a ɗaya gefen. Masu bugun suka jingine sandunansu suka tafi shan abin sha. Tsabar da suka buga tana nan a ƙasa, tuli guda, ba wanda ya kwashe. Hanya mafi kusa zuwa taraktocin kuma ta kan filin take.

Na ga mutane sun bi ta kai. Takalma, keken jarirai, har da kare. Ina jin ƙarar tsabar tana fashewa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ku da aka haifa a Yamai ko a nan, ban sani ba ko za ku gane. Ina 'yar shekara tara aka yi yunwa a garinmu. Na bi uwata da kakata daji da ƙwarya, muna tona ramin tururuwa muna kwashe geron da suka tara, mu kawo gida mu wanke mu dafa. Bayan shekarar nan, a gidanmu in an gama sussuka ba a tashi sai an durƙusa an tsince abin da ya faɗa cikin rairayi, ƙwaya ƙwaya. Sau ɗaya na taka hatsi da gangan ina wasa, kakata ba ta doke ni ba, zama ta yi ta fashe da kuka. Tun ranar ƙafata ba ta sake hawa kan abinci ba, kuma ba na iya kallon ana hawa.

Ban yi shawara da kaina ba. Akwai damin kara a gefen filin, a inuwa. Na zaunar da Baba a kai, na ce, "Zauna nan, Baba, minti biyu." Ya zauna. Na kwance tabliye, rigar nan da muke ɗaurawa a gaba, na shimfiɗa, na durƙusa na fara tattara alkamar da hannu biyu ina zubawa. Na tara tulin, sai na ga wadda ta watsu, na bi ta. Na gama wannan gefe, na ga wancan. Wasu suka tsaya suna ɗaukata hoto, sun ɗauka ina cikin masu wasan. Wata ma ta tafa mini. Ni ban kula ba, hannuna ya koma na yarinta, kaina yana can garinmu. Na rantse a raina minti biyu ne. Daga baya aka lissafa, kusan kwata na yi.

Na ɗaure bakin tabliye, na miƙe, na juya. Damin yana nan. Baba ba ya nan.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na zagaya filin ina kiransa, na duba bayan na'ura, na duba wurin shanu. Na hango Saratu tana tura wata tsohuwa a kujera mai taya, na ruga.

"Saratu, Baba ya ɓace."

"Wane Baba? Naki? Yesu! Ina kika je?"

Ta kalli ƙunshin da ke hannuna, ta kalli gwiwoyina duk ƙasa. Ta ce, "Yaya, me ke cikin nan?" Na ce alkama. Ta ce, "Mu je wurin Madam, yanzu. Kuma ki ɓoye abin nan a bayanki."

Madam Odile ba ta yi faɗa ba, ba lokacinsa ba ne. Ta duba agogo. Ta tura direba bakin tafki, ta tura wata abokiyar aikinmu bakin hanya, ta sa mai lasifika ya yi cigiyar dogon tsoho mai shuɗiyar riga. Ta ce mini, "Minti ashirin. In ba a gan shi ba, zan kira jandarmomi." Saratu ta zauna da sauran tsofaffin, ni na shiga taro.

Na yi ta kutsawa ina leƙa fuskoki, ga tsofaffi masu shuɗiyar riga ko'ina. Minti goma suka wuce. Sai na ga gudun nan ba ya kai ni ko'ina. Na tsaya cik a gindin wata bishiya, na karanta abin da ya zo bakina, na rufe ido. Ni ba ni da karatu, amma Allah ya ba ni kunne. A gidanmu, daga bayan katanga nake gane wadda ke daka, in gane ko dakan tuwon dare ne ko na yarinyar da ke koyo. Na fara ware ƙararrakin wurin ɗaya bayan ɗaya. Ga lasifika. Ga masu kiɗa. Ga taraktoci. Ga maƙeri, shi kuma tun safe na lura da shi, bugu uku yake yi ya tsaya ya yi wa mutane bayani, ya sake uku. Duk aikin da ake yi a wurin nan haka yake, a yi kaɗan a tsaya a kalli masu kallo. Sai can ƙasa-ƙasa na jiyo wata 'yar guduma, tas, tas, tas, tas, a daidai, ba sauri ba jinkiri, ba ta tsayawa, ba mai magana a kanta. Wannan ba bugun nuni ba ne. Mai wannan bugun so yake ya gama aiki. Kuma da safe babu shi.

Na bi ƙarar. Ta kai ni bayan wani babban ɗakin ajiyar ciyawa, inda babu kowa don duk an tafi kallon tarakta. Ga Baba Fernand zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, tsakaninsu an kafa wata 'yar uwar maƙera a cikin ƙasa. A kan cinyarsa akwai bakin wani babban lauje, irin nasu mai doguwar ƙota da ake yanka da shi a tsaye, tsawonsa ya kai hannuna. Yana bin bakin da guduma, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan da babban yatsa. Ashe haka suke yi, sai an buge bakin ya yi siriri kafin a wasa shi da dutse. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa da safe, ga hannunsa ko rawa ba ya yi.

A gefensa wani mutum mai kamar shekara sittin yana tsaye da kayan bikin, ya cire hularsa ya riƙe. Shi ne mai laujen. Ya ce mini a hankali, "Naku ne? Ina cikin bugu ya zo ya karɓe gudumar daga hannuna. Ya ce ina kashe ƙarfen. Madam, shekara goma ina nuna wa mutane wannan aiki, yau na ga yadda ake yinsa."

Na durƙusa gaban Baba, hawaye na zuba, na ce, "Baba, ka kashe ni." Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen bakin. Ya shafa shi da farce, ya ajiye guduma. Sai ya dube ni, ya yi magana, magana cikakkiya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Me kika ƙunso a nan, yarinya?"

Na kwance na nuna masa. Na ce, "A ƙasa suka bar ta, ana takawa."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori ya ciza. Ya ce, "Ba ta gama bushewa ba. Sun yi gaggawar yanka." Ya sake kallon ƙunshin. Ya ce, "Uwata ma ba ta bari. Bayan girbi sai ta jera mu a gona, mu bakwai, kowa da buhunsa. Wanda ya dawo da buhu ba nauyi, ba miya." Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Kin yi daidai."

A nan Madam Odile ta iske mu, ta biyo wani da ya ga na nufi wajen. Ta ga tsohon da aka damƙa mini zaune da ƙarfe mai kaifi a cinya. Ta ce, "Monsieur Fernand, kun gama?" Ya ce saura wasawa. Ta tsaya har ya wasa, ya miƙa wa mai shi, sannan ta kama hannunsa muka ɗaga shi. Minti goma sha takwas, ba a kira jandarmomi ba. Alkamar kuwa a nan na juye ta cikin wani bokiti, na bar ta.

A mota ya yi barci tun kafin mu fita ƙauyen. Madam Odile ta zo ta tsaya kusa da kujerata. Ta ce, "Ta uku ke nan. Ki cika takarda ki kawo mini gobe da safe, Talata likita zai zo." Ta koma gaba. Ba ta san yadda aka yi ba. Ta ɗauka ya zare hannunsa ne cikin taro, kamar yadda suke yi.

Saratu ta matso ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Yaya, saurare ni da kyau. Ni ban ga komai ba. Ki rubuta cewa taro ya raba ku, kin juya ba ki gan shi ba. Ai ba ƙarya ba ce, kin juya ba ki gan shi ba."

Na ce, "In na rubuta haka, sama za a kai shi."

Ta ce, "Ko ba yau ba sama zai je, kin sani. Wata shida, shekara, zai sake fita. Ke kuwa Satumba ce a gabanki. In kika rubuta kin ajiye tsoho kin tafi tsintar hatsi, wa zai ba ki na dindindin? Wa ma zai gane? Za su ce ba ki da hankali."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, ƙauna ce. Kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

Takardar shafi ɗaya ce. A sama akwai gidaje da ake sa wa alama, ɗaya na cewa tsoho ya fita da kansa, wani na cewa kuskuren ma'aikaci ne. A ƙasa akwai fili da za ka ba da labari. Ni ina jin Faransanci, ina yi, amma rubuta shi sai a hankali, don haka Malam ke rubuta mini, ni in sa hannu. Bayan magariba na ajiye masa takardar kusa da kwanon tuwo. Ya ɗauki biro ya ce, "Faɗi, ina ji."

Na ba shi labarin duka, da Hausa, har da abin da Saratu ta ce. Ya ajiye biron.

Ya ce, "Rakiya, alkama? A ƙasar da ake zubar da burodi a kwandon shara?"

Na ce, "Malam, na sani."

Ya ce, "To me zan rubuta?"

Na ce, "Ni na ce masa ya zauna, ya zauna. Ni na tashi na bar shi. Bai gudu ba, ya ga ba kowa ne ya tafi inda aiki yake. In an rufe shi a sama saboda ni, kullum na hau kai masa abinci da wane ido zan dube shi?"

Malam ya sake duba takardar. Shi ma ɗan manomi ne, kafin ya zama mai farar riga a laboratuwar. Ya ɗauki biro ya ce, "Minti nawa zan sa?" Na ce ya sa kwata. Ya sa. Da hannuna na yi alama a gida na biyu.

Litinin da safe na kai. Madam Odile ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta ce in rufe ƙofa.

"Kin san abin da kika sa wa hannu?"

"Na sani, Madam."

"Ba wanda ya gan ki. Da kin yi alama a ɗaya gidan, da na yarda."

"Na sani."

"To ki gaya mini, don ban gane ba. Me ya kai ki? Alkamar nan ta kaji ce, da yamma za su share ta su zuba musu."

Ban san ta kaji ba ce, sai a bakinta. Na ji kunya ta rufe ni. Amma na ba ta labarin ramin tururuwa, da Faransancina mai karaya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Na ji, kuma ba zan manta ba. Amma da tafkin ya nufa fa? Da yanzu me za ki gaya wa ɗiyarsa?"

Ranar Talata suka zauna da likita da direktiris. An rubuta abin a matsayin kuskuren ma'aikaciya, takardun Baba suka tsaya a biyu. Ni kuma aka ba ni wasiƙar gargaɗi ta shiga dosiyena, takarduna na aiki, aka hana ni fita da tsofaffi shekara guda. Na dindindin da aka yi mini alkawari bai zo ba, wata shida aka ƙara mini, sannan wani wata shida, sai a shekara ta gaba na samu. Ban ce an zalunce ni ba. Saratu ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, rana ta uku ta kawo mini kofin kafe mai zafi ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, Yaya."

Baba Fernand bai tuna komai ba. Washegarin bikin na tambaye shi labarin lauje, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya koma "i" da "a'a". Bai sake yin doguwar magana ba. Amma a ɗakinsa na ƙasa ya zauna, kullum yana fita bencinsa, damina da sanyi da bazara, har wata goma sha huɗu. Bai sake fita ya ɓace ba, ban san dalili ba. A ɗakin ya rasu, wata safiya, ni na gyara masa gado na ƙarshe. Bai taɓa ganin bene na uku ba.

Abin da na koya, ku riƙe. Tsohon da aka damƙa muku, babu abin da ya kai shi, ko da abin da aka raine ku a kansa ne. Dukanmu mun zo ƙasar nan da abubuwan da ba mu san muna ɗauke da su ba, sai ranar da suka ja mu ƙasa a tsakiyar aiki. Nawa hatsi ne, ku nemi naku ku san shi tun kafin ya kunyata ku. Sannan takardun nan da kuke cikawa a gurguje kafin ku kama tiram, ba takarda ba ce kawai. Mutanen nan ba sa iya ba da labarin kansu. Abin da kuka rubuta shi ne abin da ya faru, kuma shi zai yanke inda mutum zai kwana sauran kwanakinsa.

Ranarku za ta zo, don ba mai yin aikin nan shekara biyar bai yi kuskure ba. Za ku zauna da takarda a gaba, ba wanda ya gani, tsohon ma ya riga ya manta, kwantaragi kuma na jiran sa hannu. To ku da kuke saurarona, ranar nan a wane gida za ku yi alama?